Almakashin Halimatu

A ginin nan mai hawa shida da ke kan titin Boston Road a unguwar Morrisania ta birnin New York, babu wanda bai san labarin wuyan Halimatu ba, kuma babu wanda yake marmarin sake jin sa. Matan ginin sun ji shi a kan matakala, sun ji shi a ɗakin wanki, sun ji shi a gidan suna da gidan rasuwa. Mace takan kawo ɗinki tana Allah-Allah a auna ta ta wuce wurin aiki, sai Halimatu ta ajiye tef ɗin awo, ta ɗaga haɓa, ta janye hijabinta gefe, ta ce, "Kin ga nan?" Daga nan mai ɗinki ta san ta makara.

'Yar Fagge ce a Kano, gidan teloli. Mahaifinta manyan riguna yake ɗinkawa, ita kuwa tun ƙafarta ba ta gama isa fedar keken ɗinki ba take haɗa ƙyallaye. Amma ba ɗinki ne ya fitar da sunanta a unguwa ba, murya ce. Idan ta ɗauki karatu a Islamiyya har masu wucewa sukan rage sauri a bakin taga. Tana budurwa aka zaɓe ta za ta je musabaƙar karatun Alƙur'ani, ta zauna ta ɗinka wa kanta sabon hijabi da hannunta, ruwan toka, har ƙasa yana share hanya, don a lokacin shi ake yayi. Ranar tafiya ta tsayar da ɗan acaɓa, ta haye, hankalinta yana kan ayoyin da take bita, ba ta tattare hijabin ba. Ba su yi nisa ba tayar baya ta cafki bakinsa, ta nannaɗe, ta fizgo ta ta wuya, aka ja ta a kan kwalta.

Ta rayu. Muryar ce ba ta fito daga asibiti tare da ita ba. Abin da aka bar mata wata aba ce mai kaushi, kamar ana jan buhun gawayi a kan siminti, da baƙin tabo da ya kewaye wuyan tun daga ƙasan wannan kunne har wancan.

Wasu idan masifa ta same su sukan yi laushi. Halimatu tauri ta yi. Ta auri Sahabi, mutum mai sanyin hali da ke tuƙa tasi, ya kawo ta New York, ta haifi 'ya'ya maza biyu, suka girma suka tafi neman nasu a wasu jihohi. Allah bai ba ta 'ya mace ba, sai ta ɗauki 'ya'yan mutane mata gaba ɗaya ta mai da su aikinta, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta kafa keken ɗinkinta a bakin tagar falo a hawa na biyu, inda take ganin duk mai shiga da mai fita. Mace ba ta isa ta doshi ƙofar bas ko matakalar lantarki da mayafi yana jan ƙasa ba, in dai Halimatu tana kusa. "Tattare!" kawai za ka ji, a bainar jama'a, ko matar waye. Da haka yaran ginin suka raɗa mata Anti Tattare, suna shaƙe maƙogwaro suna kwaikwayonta a bayan ƙofa, iyayensu mata kuwa suna tsawatar musu suna danne dariya.

Abin da ya sa ake jure ta ɗaya ne: hannunta. Ko maƙiyinta ba zai ce Halimatu ba ta iya ɗinki ba. Duk Sallah falonta cika yake da atamfa da leshi da shadda har babu wurin zama, ana zaginta a matakala ana hawowa da yadi a leda.

A hawa na uku, daidai saman kanta, Rabi'atu take zaune da mijinta Jibrin, direba a wani ofishin jakadanci a Manhattan, da 'ya'yansu biyu, Yusra da ƙanenta Hisham. Rabi'atu aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ta fita da sassafe ta dawo ƙafafu a kumbure. Tsakaninta da Halimatu gaisuwa ce kawai, ita ma da ƙyar. Idan yaran suka yi guje-guje, Halimatu takan ɗauki sandar mofa ta daki silin har fenti ya zubo. Rabi'atu kuma takan jawo kujera da gangan ta mayar mata da martani.

Amma akwai lokaci ɗaya da sandar mofa ba ta tashi. Ranar Asabar da hantsi Yusra takan zauna bitar haddarta kafin a tafi Islamiyya, muryar ta biyo bututun ɗumama ɗaki ta sauko falon Halimatu. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, Hausarta a karye, amma idan ta buɗe baki da karatu muryar fes take, mai tsawo, ba ta rawa. Halimatu takan ɗauke ƙafa daga kan feda, ta zauna shiru da allura a hannu har a gama. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko Sahabi. Ita kanta yarinyar ba ta taɓa jin yabo daga bakinta ba. Idan suka haɗu a matakala abin da take ce mata shi ne, "Ke, kina haɗiye madda. Gudun me kike yi?"

Da Yusra ta haɗa izu biyar, Jibrin ya saya mata keke, shuɗi mai ƙararrawa. A yi wa Rabi'atu adalci, ba uwar sakaci ba ce. Duk abin da aka ce a makarantar boko a saya ta saya: hular kwano, abin tsare gwiwa, fitilar gaba da ta baya. Ta hana hawa a kan titi, sai a filin shaƙatawa na Crotona. Sai dai waɗanda suka tsara wa yaran Amurka ƙa'idar hawa keke ba su taɓa ganin hijabin Kano mai share ƙasa ba, ballantana su yi gargaɗi a kansa. Halimatu kuwa tun ranar da ta hango keken daga taga hankalinta bai ƙara kwanciya ba.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Rabi'atu ta sauko da leda. Yadi ne mai santsi, ruwan sararin sama, kakar Yusra ta wajen uba ta aiko da shi daga Kano, da saƙon a ɗinka wa jikarta hijabi irin na 'ya'yan mutunci a turo mata hoto.

"Yaya Halimatu, ga na yarinyar nan," in ji Rabi'atu, don ba ta kama sunan 'yar fari. "Har ƙasa nake so. Ki ma ƙara taƙi guda, tsawo take yi, ta girma ta same shi."

Halimatu ta murza yadin tsakanin yatsu. "Ita mai keken?"

"Ita."

"Ba na ɗinka wa mai hawa keke har ƙasa."

Rabi'atu ta ja numfashi, irin na wadda ta san wa'azin da ke tafe. "Yaya, don Allah kar mu fara. Ke babur ne ya ja ki. Wannan keken yara ne, ga helmet, ga komai."

"Hular kwano kai take tsarewa. Wuyan fa, Maman Yusra? Wa kika ba ajiyarsa?"

"Ai ba za ta hau da shi ba. Ranar Sallah kawai za ta sa, a yi hoto."

"Ranar Sallah a Crotona? Ranar da duk ɗan da ke Bronx yake kan keke? Kina can kina juya nama, wa zai riƙe ta?" Halimatu ta kai hannu za ta janye hijabinta.

"Na gani, Yaya. Na sha gani. Kowa ya gani." Rabi'atu ta miƙe. "Ni dai har ƙasa na ce. Yadin Hajiya ne, kin san halin surukai. Tun da muka zo ƙasar nan take cewa na mai da mata jika Ba'amurkiya. In ba za ki iya ba ki ba ni abina."

Tela mai hankali a nan zai naɗe yadi ya miƙa wa mai shi, a rabu lafiya. Halimatu ta ce, "Bar shi." Rabi'atu ta ɗauka ta yi nasara, ta haye sama. Ko rufe ƙofarta ba ta yi ba almakashi ya shiga yadin.

Hijabin da ya fito ya yi kyau, wannan ba a musu. Iya ƙugu ya tsaya, da hannu mai roba a wuyan hannu, bakinsa an kalmashe da siririn zare, babu inda iska za ta ɗaga balle taya ta kama. Halimatu ta goge shi, ta ninke, ta ɗora ragowar yadin a kai kamar yadda mahaifinta ya koya mata, don a gidansu ba a cin ƙyallen mutane. Har zuciyarta ta yarda idan uwar ta gani za ta sauko.

Rabi'atu ta sauko karɓa, ta warware shi a tsakiyar falo, ta ɗaga, ta duba gaba ta duba baya, tana neman inda sauran ya tafi. Da ta gane, sai ta juyo kan Halimatu.

"Wannan mene ne?"

"Hijabi ne. Wanda ba zai kashe ta ba."

"Wa ya sa ki? Ke kika haifa min ita? Yadin da aka ɗauko tun daga Kantin Kwari, kika sa almakashi kika yi masa kaciya don kin raina ni!" Ta dunƙule hijabin ta jefa mata a ƙirji. "Ki ba 'yarki ta sa. Au, na manta."

Maganar ta shiga, don Halimatu sai da ta dafa keken ɗinki. Amma ba a san ta da barin bashin magana ba. Ta ce, "Gara ni ban haifa ba, da in haifa in miƙa wa taya don surukata ta ga hoto."

Kafin la'asar Rabi'atu ta saki saƙon murya a zauren WhatsApp na matan unguwa, ta wanke Halimatu tas. Ta ce ta lalata mata yadi da gangan, ta ce baƙin ciki ne na wadda ba ta da 'ya mace, ta ce yau hijabi ta gajarta, gobe Allah kaɗai ya san abin da za ta koya wa 'ya'yan mutane. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kama wuta. Matan da suka shekara suna haɗiye "Tattare!" a gaban Turawa suka samu rana. Halimatu ta mayar da nata saƙon, dogo, tun daga Fagge har asibiti, sai aka riƙa tura shi ana dariyar muryar. Washegari aka fara zuwa karɓar yadi. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe, wasu ko sallama babu, suka kai wa Efua, wata telar Gana da ke da shago a Third Avenue. Efua ba ta tambayi kowa ko yana hawa keke ba. Rabi'atu ta samo yadi mai kama da na farko, aka ɗinka har ƙasa, da ƙarin taƙi guda.

Sahabi ya dawo daga aiki ya tarar da falo fayau, har ana ganin kujeru. Ya ce, "Halimatu, nan fa ba Fagge ba ce. A Fagge ɗan maƙwabci naki ne, ki tsawata ki dake shi uwarsa ta gode miki. A nan ɗan mutum nasa ne shi kaɗai. Ki fita daga harkar yarinyar nan."

"Tayar nan ta san ba Fagge ba ce?"

Ya girgiza kai ya shiga wanka. Ya daɗe da sanin ba a kayar da ita a magana.

Ranar Sallah ta zo da zafi. Bayan an sauko daga Idi, maza suka tafi mayanka karɓo raguna, da yamma ta yi aka hallara a Crotona, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da Hausawan Zango na Gana, kowa da tabarmarsa da abin gashinsa. Hayaƙin nama ya tashi, wani ya kunna waƙa a lasifika, yara suka bazu. Halimatu ta zo ita ma, cikin leshinta, da jakarta a kafaɗa. Ta yi sallama a tabarmar matan ginin, aka amsa a daƙile, babu wadda ta matsa. Ta yi tsaki ta koma kan wani benci a bakin hanyar keke ta zauna ita kaɗai.

Daga nan ta ga an tsayar da Yusra a gindin bishiya ana ɗaukar hoton da za a tura wa kakarta. Hijabin ya sauka har ya kwanta a kan ciyawa. Ta ga Rabi'atu ta ɗaga wa yarinyar yatsa tana nuna keken, alamar kar ta kuskura, sannan ta juya wajen nama. Ta ga Yusra ta daure iya daurewar ɗan yaro, tana kallon ƙawayenta suna zagayawa. Can sai ta ɗora hular kwano a kan hijabin, ta ɗaure igiyar tsaf yadda aka koya mata, ta tattara yadin ta zauna a kansa, ta taka feda.

Zagayen farko lafiya. A na biyu, da ta zo ɗan hawa sai ta miƙe tsaye a kan feda, yadin ya zame daga ƙarƙashinta ya sauka ta baya. Yana kaɗawa, yana shafar taya, yana tashi, yana komawa.

"Tattare!" in ji Halimatu.

Ko mutumin da ke benci na gaba bai juyo ba. Ta miƙe ta sake ƙwalawa da duk ƙarfinta har jijiyar wuyanta ta tashi, abin da ya fito bai wuce tari ba, waƙar lasifika ta haɗiye shi. Ba ta taɓa jin haushin muryar nan kamar ranar ba. Da tana da irin ta da, da tun daga nan za ta tsayar da filin gaba ɗaya. Yusra ta wuce ta gabanta tana dariya, ta sha kwana, ta dawo. Wannan karon ƙawayen sun nufi gangaren da ke sauka wajen tafki, inda keke ke gudu da kansa.

Halimatu ta shiga tsakiyar hanya. Yarinyar ta danna ƙararrawa, ta ja birki, Halimatu ta cafke kan keken da hannu ɗaya har sai da Yusra ta kusa kifawa. Ba ta yi mata magana ba. Ba ta kira uwar ba, wadda ke nan kusa, ana iya zuwa a taɓa ta. Ta damƙi hijabin ta baya, ta zura hannu a jaka, ta zaro almakashinta na yankan yadi, baƙi, dogo, wanda ba ta fita ko'ina ba tare da shi ba. Ta fara yankawa daga ƙugu tana kewayawa.

Yusra ta tsala ihu. Abin da idon Halimatu yake gani shi ne yadi da taya. Abin da sauran mutanen filin suka gani shi ne wata mata ta riƙe yarinya tana kuka, da ƙarfe mai kaifi a hannu. Wata Baturiya mai gudun motsa jiki ta tsaya cak ta ɗaga waya. Rabi'atu ta iso da cokalin juya nama a hannu, ta fizge 'yarta, ta tura Halimatu har ta zauna daɓas a kan kwalta, almakashi a dama, rabin hijabi a hagu. Mata suka yi caa a kanta. Wata ta ce mahaukaciya, wata ta ce mayya, wata ta ce tun da daɗewa ta san za a rina.

'Yan sanda biyu suka iso, mace da namiji. Suka sa ta ajiye almakashin a ƙasa ta ja baya. Macen ta durƙusa ta duba Yusra, ba ta ga ko ƙwarzane ba, sai hijabi mai baki a karkace. Halimatu ta yi ta ƙoƙarin bayani da Turancinta na kasuwa, tana nuna taya tana nuna wuyanta, ba su fahimci ko rabi ba. Sai namijin ya juya wajen Rabi'atu ya tambaye ta ko ta san matar nan, kuma ko tana so a tafi da ita.

Filin ya yi tsit, har mai lasifika ya kashe. Rabi'atu tana huci. Kalma ɗaya za ta faɗa a sa wa Halimatu ankwa a gaban kowa ranar Sallah, kuma a fuskarta an ga tana so. Wani dattijo da ake kira Malam Tsoho, wanda ya fi kowa daɗewa a unguwar, ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa.

"Maman Yusra, ba ma miƙa namu. Ki yi haƙuri, a gida za a yi ta."

Rabi'atu ta dubi mutanen da suka kewaye su. Ta buɗe haƙora ta yi wa ɗan sandan murmushi. "My sister," in ji ta. "Family." Ta ce tela ce, gyaran kaya take yi wa yarinyar, yarinyar ce ta tsorata. Har ta miƙa hannu ta tashi Halimatu, ta karkaɗe mata leshi. Tana karkaɗewa, murmushin yana nan a fuskarta, ta ce da Hausa, "Wallahi ba don idon mutane ba da a can za ki yi Sallah. Daga yau babu ni babu ke. In kika ƙara ɗaga ido kika kalli 'yata, ni da kaina zan kira su."

'Yan sandan suka ga 'yan'uwa sun shirya, suka yi gargaɗi a kan yawo da almakashi, suka tafi.

Sai da Halimatu ta koma gida ta lura har yanzu guntun hijabin yana hannunta. Ta shimfiɗa shi a kan keken ɗinki. A bakinsa, wajen kalmasa, akwai baƙin maiƙo, da 'yan ƙananan huji a jere inda haƙoran sarƙar keke suka fara cizo suka saki. Ta zauna tana kallo. Washegari ta hau hawa na uku ta ƙwanƙwasa. Rabi'atu ta buɗe iya tsawon sarƙar ƙofa. Halimatu ta ɗaga ƙyallen ta nuna wurin da yatsa.

Rabi'atu ta kalla. Ta ɗan daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Man kekenki ne na ɗinki. Kin kwana kina shafawa." Ta rufe ƙofa.

Gaskiyar magana, babu wanda zai iya rantsuwa. Wataƙila da an bar ta ta sauka gangaren, yadin ya nannaɗe. Wataƙila kuma da ta sauka lafiya ta dawo tana dariya, kamar yadda yara da yawa suke yi. Wanda ya hana abu faruwa ba shi da abin nunawa, kuma a ginin nan babu mai neman a nuna masa. Malam Tsoho bai kira zaman da ya yi alkawari ba. Ɗinki bai dawo ba. Abin da ke shigowa sai rage tsawon wando na abokan Sahabi direbobi, su ma don kunyarsa.

Jibrin kuwa ya yanke nasa hukuncin a taƙaice. Ya ce abin da ya tara masa 'yan sanda a kan iyalinsa ranar Sallah ba zai sake ba, kuma dama mahaifiyarsa ta daɗe tana cewa 'ya mace ba ta da haɗi da keke. Ya sassauto da sirdin, ya ba Hisham. Ita kuma Rabi'atu ta ce kar yarinyar ta ƙara karatu a falo inda ake ji daga ƙasa, don ba ta san irin bakin da ke saurare ba. Asabar ta zo, Halimatu ta ɗauke ƙafa daga kan feda da hantsi kamar yadda ta saba, bututu shiru. Wata Asabar ɗin ma haka. Wannan ya fi mata ciwo fiye da falon da babu yadi, ya fi zagin zaure, ya fi zaman kwalta. Rabonta da muryar yarinyar tun ihun filin Crotona.

Rani ya kusa ƙarewa, wata rana da yamma ta dawo daga sayen kayan miya ta tarar da Yusra zaune a kan matakala tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, ta haɗa kai da gwiwa. A ƙasa Hisham yana fama da shuɗin keken zai fitar da shi, hular kwanon yayarsa tana yi masa yawo a ka. Mai hankali zai raɓa ya wuce. Halimatu ta tsaya.

"Da kin sa wanda na ɗinka miki tun farko," in ji ta, "da yanzu kina kai."

Yusra ta ɗago. Idanunta sun yi ja. Ta miƙe tsaye a kan matakala ta sama, har ta fi Halimatu tsawo, ta buɗe baki da Turanci kamar an ɓalle famfo. Ta ce ke kika sa aka ƙwace min keke. Ta ce kin kunyata ni a gaban ƙawayena, har yau ana nuna bidiyon a makaranta. Ta ce babu abin da zai same ni, na iya hawa, ban taɓa faɗuwa ba, ke ce muguwa, kowa ya san ke muguwa ce. Muryar ta cika matakalar, ta hau har hawa na shida ta dawo. Ƙofofi suka fara buɗewa. Hisham ya saki keken ya faɗi.

Halimatu ba ta kalli fuskarta ba. Hijabin makarantar yarinyar ya zame baya, wuyan yana waje, sumul, babu tabo, maƙogwaron yana hawa yana sauka da kowace kalma. Nan idonta ya tsaya.

Yusra ta ƙare numfashi. Ta lalubo 'yar Hausar da take da ita, don ta tabbata ta shiga. "Na tsane ki!"

"Me kika ce?" in ji Halimatu. "Ban ji ba. Ƙara faɗa."

"Na tsane ki!"

Wannan karon har gilashin tagar matakala ya amsa. Daga sama aka ji Rabi'atu ta buɗe ƙofa tana kiran yarinyar, tana tambaya wa ya taɓa ta. Yusra ta haye da gudu tana kuka da ƙarfi. Halimatu ta ɗauki ledar kayan miyanta, ta ƙarasa hawa na biyu a hankali, ta ratsa matan da suka leƙo suna harararta. Ta shiga ta ajiye ledar a ƙasa, ta zauna a gaban keken ɗinkin da babu komai a kansa. Kukan yana saukowa ta bututu, mai tsawo, ba ya rawa. Ta bar ƙofarta a buɗe don ta ji da kyau.